Sassaben da Na Yi wa Hajara

Tun da na dawo daga Nijar ba a bar ni na huta ba. In na zauna a dakali a Ƙofar Kuyambana, tambaya. In na fito daga masallaci, tambaya. "Audu, yaya can?" "Audu, da gaske ne an kama ka?" Kowa kuma in ya ji sai ya ƙara nasa gishirin, har na ji ana cewa wai an ɗaure ni a gindin bishiya. Ba a ɗaure ni ba. Shi ya sa na zaunar da maƙwabcina mai boko, na ce ya rubuta yadda na faɗa, kada ya gyara mini magana.

Ni mai itace ne. Kafin nan na yi dako a tashar jirgi, na yi gadi, na yi leburanci a wata masaƙa a Kaduna har ranar da aka ce aiki ya tsaya, aka sallame mu. Na dawo Zariya na ɗauki gatari. Lokacin ne gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu. Kananzir ya yi tsada, daga baya ya ɓace gaba ɗaya. Matan da suka saba da risho suka koma murhu, kasuwata ta buɗe. Sai dai dajin ya yi ta gudunmu. Da farko a bayan ganuwa muke sara, daga baya sai mun bi motar itace mun yi nisa kafin mu ga abin da ya isa a ɗaga masa gatari. Ban taɓa damuwa ba. A sanina itace na Allah ne, wanda ya riga isa shi ke da shi.

Ina da ƙanwa, Hajara, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta auri wani ɗan Nijar mai suna Mamman, mai shayi a bakin kasuwar birni. Mutumin kirki ne. Shekarar da aka ce baƙi su koma ƙasashensu, ya tattara ya tafi da ita garinsu, Zangon Kalgo, gabas da Maraɗi. Can suka zauna, suka haihu. Sai labari ya zo cewa Mamman ya rasu. Da aka lissafa ta fita takaba, mahaifiyarmu Inna ta kira ni ɗakinta.

"Audu, a ƙasar yunwa za ka bar mini 'ya da marayu?"

Na ce, "Inna, ba ta aiko cewa tana yunwa ba."

"Hajara ce za ta aiko? Ko tana cin ƙasa ba za ta faɗa ba. Ka tashi ka je. Kada ka dawo mini gidan nan sai da ita."

Inna ta tsufa, idonta ya yi rauni, amma bakinta yana nan. Kuma ban ga laifinta ba. Abin da muka sani game da Nijar shi ne mutanen da suka kwararo mana shekarar fari, da raƙuma ramammu da yara a goye. Na ɗaure riga biyu da gatarina a buhu, na nufi tasha.

Fijo na shiga, mai zuwa Maraɗi kai tsaye. Direban sunansa Ɗan'asabe. Kusa da ni wani dattijo ne daga Wusasa, Malam Yohanna, tsohon malamin makaranta, za shi ganin ɗansa da ke aikin asibiti a can. Ni ba ni da yawan magana. Shi yana da ta mutum uku, don haka muka daidaita.

Kafin mu tashi Ɗan'asabe ya juyo ya ce, "Jama'a, ba a shan sigari a motar nan. Ko tunaninta kada wani ya yi."

A Funtuwa muka wuce layin mai. Motoci sun jeru har ido ya gaji, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashinsu, masu abinci sun kafa kasuwa. Namu direban ko kallon layin bai yi ba. Haka a Malumfashi, haka a Katsina. Ga warin fetur ya cika motar, har wata mata a baya ta fara amai. Malam Yohanna ya sunkuya ya ɗaga ledar da ke ƙarƙashin ƙafafunmu, ya ƙwanƙwasa. Tankin ƙarfe ne, cike.

"Ɗan'asabe, a kan me muke zaune?"

"A kan arzikin ƙasa, Malam. Ku zauna da ladabi."

Malam Yohanna ya yi addu'a irin tasu, ni na yi irin tamu. Daga nan duk ramin da muka faɗa sai mu dubi juna. Shingayen masu kaki kuwa ban ƙirga ba. A kowanne hannun direba yakan fita ta taga ya dawo, a ɗaga mana itace mai ƙusoshi mu wuce. Ba wanda ya ji warin da ya sa mace amai.

Bayan Jibiya muka isa iyaka. Na ɗauka zan ga katanga ko kogi. Igiya ce da ganga biyu. Wancan gefen Hausawa, wannan gefen Hausawa, akuya tana ƙetarawa ba mai tambayarta takarda. A Ɗan Isa, garin farko a ɓangaren Nijar, jandarma ya sauke mu. Dogo ne, baƙi, da zanen Gobirawa a kumatu. Ya karɓi tsohon katina na masaƙa, ya juya shi, ya dube ni, ya ce hoton ya fi ni ƙiba. Na ce lokacin ana biyan albashi. Ya zazzage buhuna.

"Mi ne ne wanga?"

"Gatari."

"Na gani ba cokali ba ne. Mi za ka yi da shi?"

"Matashin kai nake yi da shi."

Ya yi dariya har ya kira abokin aikinsa ya zo ya ga Bazazzagi mai kwana a kan gatari. Ya miƙo mini, ya ce, "Tahi. Amma ka kiyayi iccen mutane."

Na ce to. A raina na ce, tun yaushe itace ya zama na mutane?

Abin da na fara gani a Maraɗi shi ne fetur. A kwalabe, a galan, a kowace kusurwa, ba layi ba faɗa. Malam Yohanna ya dafa kafaɗata ya ce, "Audu, ga ɗan garinmu da muke nema. Ashe ƙaura ya yi." Ɗan'asabe ko sallama bai tsaya yi da mu ba, ya shige wani gida da motar aka rufe ƙyaure. Na je wurin ɗan canji. A da in ka fito da naira a ƙasashen nan har kujera ake ba ka. Wannan ya karɓa da yatsu biyu, kamar an miƙa masa busasshen goro.

Motar Zangon Kalgo sai ranar kasuwa, don haka muka sauka a zauren wani mai masauki kusa da tasha. Malam Yohanna ma ya tsaya, don ɗansa ya fita ƙauye aikin rigakafi. Abincinsu ba laifi. Burodinsu dogo ne kamar sanda, in ya kwana za ka iya korar kare da shi. Shayi a ɗan kofi kamar murfin kwalba, ɗaci kamar maɗaci, kuma sai an yi zagaye uku kafin a sallame ka. Gero suke kira hatsi, kamar sauran ba hatsi ba ne. Furarsu ta fi tamu. Na faɗa, kuma ko a gaban matan Zariya zan maimaita.

A zauren akwai wani ɗan Cadi, Abakar, mai fataucin shanu. Bayan magariba ana shan shayin nan Malam Yohanna ya fara abin da ya saba, tambaya. Ya tambayi mai masauki yadda ƙasa take. Mai masauki ya ce ma'aikata sun yi watanni ba albashi, makarantu a rufe, 'ya'yansa suna gida suna cinye masa jari. Malam Yohanna ya juya kan Abakar, ya ce yana jin ƙasarsu akwai ƙasar noma mai kyau, me ya sa bai yi lambu ba?

Abakar ya ce, "Mun yi. Ubana ya dasa mangwaro da lemo a bakin kogi. Suna fara 'ya'ya sojan wani suka zo suka yi sansani, suka dafa abinci da su. Muka sake dasawa. Sojan wanda ya kore shi suka zo. Yanzu ni abin da ke da ƙafa kawai nake kiwo. In an harba bindiga mu gudu tare."

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Malam Yohanna ya ce, "Mu ba yaƙi muke yi ba, amma kowane sabon mai mulki da nasa sabon shiri. A kafa allo, a kawo makaɗa, babban mutum ya dasa bishiya ɗaya a ɗauke shi hoto. Ni da ɗalibaina mun sha tsayuwa a rana muna tafi. Kafin wata ya ƙare akuya ta cinye bishiyar, allon ya shiga murhun wani. In ka tambayi ta wace ce, a ce ta gwamnati. Gwamnatin kuma kafin ta waiwayo an yi juyin mulki." Ya dube ni. "Ko ba haka ba, Audu? Kai ne masanin itace."

Na ce, "Ni ƙarshensa na sani, ban san farkonsa ba."

Ranar kasuwa muka yi sallama da Malam Yohanna. Ya ba ni ƙullin magani na ciwon ido in kai wa Inna, ya ce in na koma in neme shi a Wusasa. Na hau a-kori-kura tare da buhunan gishiri da tumaki. Inda mota ta gaza saboda yashi, na hau amalanken shanu. Mai amalanken bai ce mini komai ba, ban ce masa komai ba. Shi ne mutumin da na fi jin daɗinsa a duk tafiyar.

Na shiga gidan Hajara da shirin ganin ƙashi da fata. Wata mata mai jiki ta fito daga madafa ta rungume ni tana kuka. Ita ce. Ta fi ni ƙiba nesa ba kusa ba. 'Ya'yanta suka kewaye ni suna magana irin ta can, suna dariyar tawa. Na duba gidan da idon wanda aka aiko. Rumbu da gero a ciki. Awaki a turke suna cin wasu kwasfa masu lanƙwasa, ta ce 'ya'yan gawo ne. Gefen madafa tarin itace, sirara amma busassu. Na tambayi nawa take sayen dami. Ta ce ba ta saye. Ban bi maganar ba, na ɗauka wani ke ba ta sadaka.

Bayan na ci tuwo na isar da saƙo. Ta sunkuyar da kai, ta ce, "Yaya, ka huta tukuna."

Da yamma wan mijinta, Isuhu, ya zo gaishe ni. Ya yi mini barka da zuwa, na yi masa ta'aziyya. Da ya ji abin da ya kawo ni sai fuskarsa ta washe.

"Madalla! Ai haka ya kamata. Mace sai danginta. Yaushe za ku tahi?"

Murnar ta yi mini yawa, amma ban gane ba.

Kafin rana ta faɗi yaran suka kai ni ganin gonar ubansu. Bazara ce, lokacin sharar gona. Da na gan ta sai kunya ta kama ni. Ko'ina tsiro, kalgo da sabara da ƙananan gawo, wasu iya gwiwa, wasu sun fi ni tsawo. An ɗaura wa wasu tsummoki, na ce wannan camfin ƙauye ne. A wurinmu gonar da ta yi haka ana gab da shuka, ko mai ita rago ne ko babu namiji a gidan. Gonakin maƙwabta ma haka suke, amma ban damu da na wasu ba. Na ce lalle dangin Mamman sun yi watsi da ƙanwata. Ko tafiya za mu yi, ba zan bari a ce wanta ya zo ya ga wannan ƙazanta ya wuce ba.

Da aka idar da sallar asuba ban koma gida ba. Na ɗauki gatarina na nufi gona. Na fara daga gefen gabas. Aikin ya yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Itacen ɗanye ne, sara ɗaya ya kwanta. Ina sara ina tarawa, ina cewa in rana ta yi sama in cinna wuta. Kafin hantsi na share wuri mai faɗi, fes, yadda ake yi a Zazzau. Na tsaya ina kallon aikina.

Sai na ji ihu daga gonar da ke kusa. Wata tsohuwa ce, ta yar da ƙwaryarta.

"Ɓarawon icce! Jama'a, ɓarawon icce!"

Na waiga ina neman ɓarawon in taya su kamawa. Ashe ni ne. Kafin in ce wani abu mutane sun fito daga ko'ina da sanduna. Wani ya fizge gatarin. Na bar masa, don na san taro. Sai ga Hajara a guje, mayafi a hannu. Ta tsaya ta dubi filin, ta ɗora hannu a ka.

"Yaya! Wa ya aike ka?"

"Gyara nake miki."

Ta tafi wurin tarin, ta zaro wani ɗan gawo mai jan tsumma a wuya. Ta riƙe shi kamar yaro. "Wannan Mamman ne ya ɗaura masa da hannunsa. Daga rigarsa ya yago."



Aka tafi da ni ƙofar maigari. Ba a ɗaure ni ba, na sake faɗa. Tafiya muka yi, ni a tsakiya. Maigari tsoho ne siriri, yana zaune a kan buzu. Da aka gaya masa ni wan Hajara ne daga Zariya, ya ce a ba ni ruwa, a bar sanduna a waje. Ya tambaye ni dalili, na faɗa masa yadda na faɗa muku. Wasu suka yi dariya, wasu suka yi tsaki.

Maigari ya ce, "Baƙo, zamna ka ji. Da mu ma haka muke yi, har mun fi ka iyawa. Lokacin icce duk na gwamnati ne, ko a tsakiyar gonarka ya tsiro. Ka sare reshe guda, ma'aikacin daji ya zo bisa babur ya ci ka tara. To wa zai bar masifa ta girma a gonarsa? Da mun ga ɗan gawo ya leƙo sai mu tumɓuke shi tun ba a gani ba. Haka munka aske ƙasar ga kamar kan jariri ranar suna. Iska ta kwashe, fari ya ƙarasa. Munka watse. Ni da kake gani na yi ga-ruwa a ƙasarku."

Na ce, "To me ya canza?"

"Gwamnati ta talauce. Babur ba mai, ma'aikaci ba albashi. Soja sunka sauka, anka yi ta taro a Yamai, doka ta yi sanyi. Wasu malaman gona kuma sun nuna muna cewa kututturan da muke sassabewa kowace shekara ba matattu ba ne, saiwarsu tana ƙasa da ranta. Ka zaɓi reshe mai ƙarfi ka bari, ka rage sauran, ka sa masa alama. Munka zamna nan inda kake munka yanke magana: wanda ya reni icce nasa ne, na ɗiyansa ne. Wanda ya taɓa na wani ɓarawo ne. Talaucin gwamnati bai yi muna daɗi ba, je ka asibiti ka gani. Amma a nan wurin guda ya yi rana."

Sai Isuhu ya miƙe. Ya ce, "Allah shi daɗe da ran maigari. Gonar ga ta gidanmu ce. An bar wa matar ga ne don tana renon iccen marayu. To ga wanta ya zo ɗaukarta, da bakinsa ya gaya mini jiya. Har ya fara sare iccen ya sayar kafin su tahi. Gona ba ta zama hannun wanda ba shi nan. A maido ta gida."

Nan na gane murnar jiya.

Na ce, "In sayarwa zan yi, ba waɗannan tsinkayen zan sara ba. Sana'ata ce. Ko kyauta aka ba ni su a Zariya ba zan biya kuɗin mota ba."

Aka yi dariya, amma maigari bai yi ba. Ya dubi Hajara. "Tahiya za ki yi?"

Ba za ta ƙaryata wanta a gaban mutane ba, ba za ta ce ta ƙi kiran uwarta ba. Hawaye kawai. Maigari ya juyo gare ni.

"Kai fa? Ɗaukarta ka zo yi?"

Na tuna Inna a ɗakinta tana jiran sallamarmu. Na dubi yaran Mamman a bakin zaure. In na tafi da su Zariya, ɗaki ɗaya ne, da gatari ɗaya, da dajin da ke gudu. In na ce e, gonar ta tafi kafin azahar.

Na ce, "Da niyyar haka na zo. Na fasa."

"Mahaifiyarku fa?"

"Wannan tsakanina da ita ne. Na sha dukanta ina yaro, ban mutu ba."

Maigari ya ce wa Isuhu ya zauna. Ya tura dattawa su duba ɓarnar. Suka dawo suka ce an sare su sama da ƙasa, sara mai kyau, ba a tono saiwa ba, ba a sa wuta ba. Za su sake tohowa, sai dai an mayar da su baya. Maigari ya ce, "Allah ya taimake ka ba ka kai ga ashana ba." Hukuncina shi ne in kewaye kowane kututture da ƙaya saboda awaki, in ba dattawa goron ban haƙuri, kuma ba zan bar garin ba sai an ga toho. Gona tana hannun Hajara.

Haka na zama ɗan ƙodagon ƙanwata. Na yi dako, na yi masaƙa, ban taɓa aikin da ya ci mini hannu kamar jan ƙayar nan ba. Hajara tana tsaye a kaina. Yarinyar da na goya, ita ce ke cewa, "Ba nan ba, Yaya. Wancan za ka bari. A'a, da wuƙa, a hankali, ba yaƙi ake yi ba." Ta koya mini rage rassa a sauran gonar. Abin da aka rage shi ne itacen girkinta, shi ya sa ba ta saye. Yaran garin suka sa mini suna Kawu Fara, wai inda na sauka ba abin da ke saura. Tsohuwar da ta yi mini ihu ta koma kawo mini fura kullum, tana zama tana gadina har in shanye, wai kada in ga wani icce ya ba ni sha'awa. Isuhu ya daina gaishe ni, daga baya ya dawo, don garin ƙarami ne.

Ruwan farko ya sauka, aka yi shuka. Gero ya fito. Sai aka yi wata iska mai yashi, irin wadda ke yanka fuska. Da ta lafa muka je gona. Inda itatuwa suke, geron yana tsaye. Inda na share fes, yashi ya binne shi kaf, sai da aka sake shuka. Hajara dai ta tabbatar na gani. A makon ne kututturan suka fara fitar da jajayen ganye, maigari ya aiko a gaya mini hanya a buɗe take.

A mota ina dawowa na yi ta tunani, abin da ba ɗabi'ata ba. Mu ne masu mai, su ne matalauta, haka kowa ke faɗa, kuma gaskiya ne. Na ga talaucinsu da idona. Amma Abakar ba ya dasawa don bai san wanda zai zo gobe ba. Mutanen Zangon Kalgo sun ƙi reno lokacin da abin ba nasu ba ne. Mu kuma muna sara don abin girki ya ɓace, kuma ba wanda ya ce mana ga naka. Ban yi karatu ba, wannan kawai na gano. Daga Katsina zuwa Zariya kuwa ba wannan ne a raina ba. Inna ce.

Na shiga gida da la'asar. Tana zaune a ƙofar ɗakinta. Ta kasa kunne, ta ji takun mutum ɗaya.

"Ina take?"

Na durƙusa na gaishe ta. Ba ta amsa ba.

"Audu, ina take?"

Na ajiye mata ƙullin gero da man shanu da Hajara ta aiko, na faɗa mata komai. Ban rage ba, har ihun tsohuwa da ƙaya. Ta shafa tafin hannuna ta ji tabon. Na jira faɗa.

"Ka ce ta yi ƙiba?"

"Ta fi ni."

"Yaran suna cin abinci?"

"Har suna ragewa."

"Kuma in ta taho an ƙwace gonar."

"Ranar za a ƙwace."

Ta buɗe man shanun ta sansana.

"Kai da na aika ka ɗauko mini 'ya, ka je ka sare mata gona, aka kai ka gaban maigari."

"Haka aka yi, Inna."

"Tun kana yaro haka kake. A ce ka ɗebo ruwa, ka fasa tulu." Ta rufe man. "To ita tana da abin reno, ba za ta iya tasowa ba. Ni nawa ya girma har ya yi furfura. Me nake jira a nan?"

Na ce, "Inna, tafiyar da nisa. Ga yashi, ga amalanke."

"Na haife ka, amalanke ne zai gagare ni? Tashi ka nemo mana mota."